Shirun Na-faɗa

A hawa na biyu na wani dogon ginin 'yan gyara, idan ka wuce mai ɗinkin jakar kwamfuta ka sha kwana, akwai wani ɗan shago wanda ba ya ɗaukar mutum uku sai dai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Nan ne wurin aikin wani mai gyaran kwamfuta da kowa ke kira Na-faɗa. Cikakken laƙabin dai Na-faɗa-muku ne, to amma mutanen ginin suna da abin yi, sai suka datse masa wutsiya.

Gajere ne, da ɗan tumbinsa, da gilashin ido a goshi wanda kullum sai ya birkita teburi yana nemansa. A kan teburin akwai murafen kwalba cike da ƙananan kusoshi, da tsohon buroshin haƙori na kaɗe ƙura, da wata 'yar fanka da ya ciro daga cikin matacciyar kwamfuta ya ɗaura mata waya tana hura masa wuya. Hannunsa kuwa akwai albarka. Kwamfutar da ta sha shayi, da wadda kyankyasai suka tare a cikinta, da wadda ɗalibi ya zauna a kai da dukan nauyinsa, duk idan suka kwana a shagon nan sai su farka.

Sai dai gyara hanyar abinci ce kawai. Abin da ke ransa shi ne hasashe. Da zarar wani kamfani ya ce zai fito da sabuwar waya ko kwamfuta, sai maƙwabta su taru a bencin ƙofar shagonsa lokacin hutun rana, ya kunna bidiyon tallan, ya kashe sautin ɗungurungum.

“Surutun nan biyansu aka yi su yi,” in ji shi. “Ni hannun mutumin nake kallo.”

Idan mai tallan yana yawan sauya na'urar daga wannan hannu zuwa wancan, to nauyi gare ta. Idan aka ƙi nuna ramin caji, akwai abin da ake ɓoyewa a wurin. Idan aka yi ta juya launuka, ja da kore da ruwan hoda, to batirin ba shi da ƙarko, ana so ne a ɗauke hankalin mutane. Daga nan sai ya sauke gilashi kan hanci ya yanke hukunci: wannan za ta karɓu, wannan kuwa ko kyauta aka ba ka sai ka nemi ƙari. Kuma abin haushin, yawanci yana cankar daidai. Ranar da maganarsa ta tabbata, har mai gadin ƙofar ƙasa sai ya ji labari.

A gida ma bai bar kowa ya huta ba. Ya san ƙwan lantarkin da zai fara mutuwa, ya san takalmin ɗansu Auta da zai fara buɗe baki. Matarsa, wadda tela ce mai ɗinki a ɗakin gaba na gidansu, ko yadi ta shimfiɗa za ta yanka sai ya leƙo ya ce, “Wannan ɗinkin ba zai kai baɗi ana yayinsa ba.” Ita dai sai ta cije allura ta ci gaba da awo.

Wajen sayen kayan gyara ta intanet ma yana da nasa tsarin. Ba ya fara karanta masu yabo, masu zagi yake nema, don ya ce mai jin haushi ba ya ƙarya. Yakan buɗa hoton sikirin, wato gilashin fuskar na'ura, har sai ya ga haƙoran siririyar wayar da ke bayansa. Tun ranar da ya yi odar fankar kwamfuta aka aiko masa da wadda ba ta fi maɓallin riga ba, ya ƙirƙiro wata doka: duk mai sayarwa sai ya ɗauki hoton kayan da cokali a gefensu. Da cokalin ne yake gane girman abin, kuma yake tabbatar da cewa kayan suna hannun mutumin, ba hoton wani ya sato ba. Akwai masu sayarwa a can ƙarshen duniya da ba su san sunansa ba, amma da ya yi sallama sai su tafi neman cokali.

Ana nan sai wani ƙaramin kamfani, wanda ba a san shi sosai ba, ya sanar da wata sabuwar tabilet, irin kwamfutar hannun nan mai kama da faranti. Aka taru a benci kamar kullum. Na-faɗa ya kalli bidiyon, ya mayar da shi baya, ya sake kallo. Matar da ke tallan ta riƙe abin da hannu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ɗaya hannun kuma yana riƙe da kofi. An nuna ramin caji ƙuru-ƙuru. Launi kuwa toka-toka ne kawai.

“Jama'a,” ya ce, “wannan za ta cika gari.”

Maƙwabcinsa Mai Tawada, wanda ke ɗura tawadar firinta, ya tuntsire da dariya. Su biyun nan tare suka kama shago a ginin, tare suke shan shayin safe, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

“Haba ɗan gajere! Kamfanin da ko sunansa ba ka iya faɗa daidai? Abu kamar murfin tukunya?”

“Kai da hannunka bai taɓa fita daga shuɗi ba, me ka sani a kan na'ura?”

“Na san dai wannan karon ka zame. In ba ta karɓu ba fa?”

Nan zuciya ta ɗebi Na-faɗa. Ya miƙe, ya buga ƙirji ya ce, “In ba ta karɓu ba, na yi alkawari a gabanku, bakina ba zai ƙara yin hasashen komai ba. Ko hadari na gani ya haɗo, ba zan ce za a yi ruwa ba.”

Mai Tawada ya ɗaga shuɗin yatsansa ya ce, “Kun dai ji da kunnenku.”

Don ya nuna da gaske yake, kuma don ya riga kowa a ginin, Na-faɗa ya shiga intanet ya yi odar kayan gyaran tabilet ɗin tun ba ta fito ba: sikirin, da batir, da ramukan caji. Lissafinsa mai sauƙi ne. Abin da ya cika gari zai cika hannun yara, abin da ya shiga hannun yara kuma ƙasa zai sha. Ya sa aka yi masa hoto da cokali, ya yi ta bibiyar kayan a waya suna tsallaka ƙasashe, har ranar da mai kawo saƙo ya hau bene yana haki da kwalaye. Shago bai ɗauke su ba, sai ya kwashe su zuwa ɗakin ɗinkin matarsa.

“Baban Auta, a ina masu awo za su tsaya?” in ji ta.

“Kwana nawa ne? Kafin ki ankara sun ƙare.”

Tabilet ta fito. Na-faɗa ya share teburi ya zauna jira. Wata ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. Ana kawo wayoyi masu fasasshiyar fuska, ana kawo kwamfutoci masu tari, amma ko ɗaya daga cikin tabilet ɗin nan ba ta hau benen ba.

To su 'yan gyara, da ma'auni ɗaya suke auna duniya. Abin da ya karɓu shi ne wanda ake kawowa a fashe. Sukan shiga ginin da safe su sunkuyar da kai, ba sa ɗagowa sai yamma, saboda haka gari a wurinsu shi ne abin da ya zo kan teburi. Na-faɗa ya gwada nuna musu abin da ake rubutawa a intanet, cewa ana ta saye, sai Mai Tawada ya ce, “A'a malam, ba kai ka koya mana cewa masu yabo biyansu ake yi ba?” Shi ma Na-faɗa a ransa da wannan ma'aunin yake awo. Ya leƙa shagunan sama da na ƙasa yana tambaya ko an kawo wa wani. Babu.

Ranar nan da hutun rana, ya sauke gilashinsa ya ce a hankali, “Na zame.” Daga nan ya kulle bakinsa.

Allah sarki! Sai ka ga an fito da sabuwar waya, an taru a benci, ana satar kallonsa, shi kuwa yana ta goge abin da ba shi da datti da buroshin haƙori. Leɓensa ya motsa, ya danne. Wani lokaci maganar takan taso masa har maƙogwaro, sai ya mayar da ita tari. Tumbin ma ya ɗan saɓe. Da farko Mai Tawada yana ta murna, daga baya shayin safe ya daina yi masa daɗi, don ba wanda zai musa wa. Har yakan jefa tarko: “Ɗan gajere, ka ga wannan batirin kuwa? Anya zai yi ƙarko?” Na-faɗa sai ya ce, “Allah ne masani,” ya juya baya.

Ana cikin haka sai Goggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ta matsa lallai shi zai kai ta asibiti a duba mata ido. Ya rufe shago da hantsi, abin da ya daɗe bai yi ba, ya riƙo ta har ɗakin jira. Suna zaune a dogon layi, Goggo tana ba shi labarin ciwon gwiwarta tun daga asalinsa, sai ya lura da ma'aikaciyar jinyar da ke kiran sunaye. Tana riƙe da wani abu cikin rigar roba, da hannu ɗaya. Ya sauke gilashi. Ramin caji a gefe, kyamara can a kusurwa. Tabilet ɗin nan ce!

Ya waiga dama. Wani dattijo yana karatu a irinta, an sa mata rigar fata. Ya waiga hagu. Wata mata tana lallashin 'yarta da irinta, an lulluɓe ta da riga mai kunnuwan zomo. Ashe riguna ne suka ɓoye su! Ya fara zagaya ɗakin jiran yana leƙa hannun mutane.

“Kai ɗan nan, zauna mana, ka zama kamar mai neman ɓataccen akuya,” in ji Goggo.

Bai gama jin ta ba sai 'yar yarinyar nan ta fusata, ta fizge tabilet ɗin daga rigar zomon, ta wurga ta kan matakalar bene. Tabilet ta daki matakin farko, ta yi tsalle, ta gangara tana ƙara har ƙasa. Duk ɗakin aka ce “Wayyo!” Na-faɗa kuwa, Allah ya yafe masa, wani sanyi ya ji a ransa. Ya bi ta a guje, hannu ɗaya yana lalubar katin shagonsa a aljihu. Ya ɗauko ta, ya juya gaba, ya juya baya, ya kai ta wajen taga ya karkata ta a haske. Ko ƙwarzane babu. Zanen zomayen da yarinyar ke kallo ma bai tsaya ba.

Uwar ta karɓa ko a jikinta. “Kada ka damu, malam, kullum haka take yi mata. Ai shi ya sa duk muka saye ta.”

Na-faɗa ya tsaya riƙe da kati, bai san ko dariya zai yi ko kuka ba.

Da ya mayar da Goggo gida, bai zarce ko'ina ba sai shagon Mai Tawada. Ya kamo hannunsa, tawada da komai, ya ja shi ƙasa, sauran 'yan benci suka biyo baya. Ya tsayar da su a tashar motar da ke bakin titi ya ce kowa ya dubi hannun mutane, ya manta da rigar, ya nemi ramin caji a gefe. Ba a jima ba aka fara nuni. Ga ta wurin ɗaliba, ga ta wurin mai karɓar kuɗin mota, ga wani ya yi matashi da ita yana gyangyaɗi.

Mai Tawada ya sosa ƙeya, ya bar shuɗi a wurin. “To, ta karɓu. Amma tsaya. Kwalayen da ke gidanka fa? Ai sayensu ma hasashe ne, ka ce za ta fashe.”

“Da bakina na faɗa? Alkawarin baki na yi. Wancan aljihuna ne ya yi hasashe, kuma ya ji a jikinsa.”

Aka kwashe da dariya, aka yanke cewa baki ya kuɓuta, aljihu kuwa a ci gaba da yi masa addu'a. Kafin su hau bene, Na-faɗa ya riga ya yanke wa wayoyi biyu hukunci, ya kuma gaya wa mai gadi cewa kujerarsa ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Da yamma ya shiga gida tun daga ƙofa yana kiran matarsa. Ya same ta a ɗakin ɗinki, ta raɓe tsakanin keke da kwalaye, ya zayyana mata komai, har da yadda tabilet ta gangara matakala.

“Au, mai toka-tokan nan?” ta ce, ba ta ko ɗago ba. “Ai rabin masu kawo mini ɗinki a cikinta suke nuna mini samfuri. Tun tuni.”

Na-faɗa ya matso kusa da keken. “Tun tuni? Kina gani ina ramewa, ba ki gaya mini ba?”

Ta cire allura daga baki, ta dube shi da murmushi. “Baban Auta, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yanka yadi cikin kwanciyar hankali irin na watannin nan ba. Na so in gaya maka, wallahi. Kullum sai in ce bari dai in gama wannan rigar tukuna.”

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka kan rigar da ke kan keken. Ya ɗaga hannun rigar, ya karkata kai, ya sauke gilashi kan hanci.

“Wannan kuwa,” ya ce, “za a yi yayinta.”

“To madalla,” in ji ta. “Ɗauke mini kwalin nan daga kan ƙafata, sai ka ci gaba.”