Ƙarar da Ta Tsayar da Mu a Kirikasamma

Haɗeja, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Ana idar da sallar asuba muka fito da jif daga rumfa, ni da yayana Bukar. Ranar Talata ce cikin watan Satumba, kogi ya cika har ya fara shiga gonaki. Da yammacin Litinin aka bugo waya daga Tudun Gabaruwa, ƙauyen kakarmu Iya Fanna, cewa ta zame a bakin rijiya, ƙugunta ya ƙi ɗaukarta. Ba ta iya zama a babur, ba ta iya shiga kwalekwale. Wanda ya bugo ya ce ruwa ya fara lasar hanyar ƙauyen. In ba mu ɗauko ta a ranar ba, sai bayan ruwa ya janye, wata guda ko fiye.

Jif ɗin ta Baba ce, ta girme ni da shekaru. Da ita ya yi yawon fadamu lokacin yana malamin gona, don tana ja da ƙafafunta huɗu in an so. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi. Ya fito bakin ƙofa da carbinsa, ya ɗora tafin hannu a kan bonet yana sauraron injin.

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Bukar, kai ne hannu. Zara, ke ce kunne."

Tun ina ƙarama nake zama a kujerar baya in rufe ido, Baba ya tambaye ni daga ina sauti kaza yake fitowa. Wasa na ɗauke shi a lokacin. Muka shimfiɗa katifa a baya domin Iya, muka ɗauki kunun gyaɗa a fulas da ƙosai mai zafi, muka kama hanyar gabas.

Kan hanya, ƙarfe shida da kwata

A shingen fita gari jami'i ya leƙo, ya ga katifa, ya ce, "Mara lafiya za a ɗauko? Allah ya ba ta sauƙi, ku wuce." Daga nan ruwa ya bayyana dama da hagu, shiru, yana ɗaukar launin sama. Furannin bado ba su gama buɗewa ba. Wani zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin gonar da ta nutse, kamar shi ne mai gonar ya zo duba asara.

Bayan kamar kilomita ashirin muka iske titi ya zama masussuka. Mutane sun yanko shinkafarsu daga cikin ruwa kafin ta ruɓe, sun kawo a kwalekwale, sun baza a kan kwalta, don nan ne kaɗai busasshen wuri. Al'adar wurin ita ce mai mota ya taka, tayoyi su sussuke musu. Kauce wa shinkafar mutum rowa ce. Wani dattijo mai gajeren wando ya ɗaga mana hannu yana nuna tarinsa, Yaya Bukar ya bi ta kai a hankali, dattijon ya bi mu da addu'a. Muka taka tari biyar ko shida a haka.

Ba mu yi nisa ba motar ta fara magana. Bugu ne daga ƙasa, kaf-kaf-kaf, yana ƙaruwa in an ƙara gudu, ga wata 'yar karkarwa. Can sai warin roba mai ƙuna. Yaya ya tsaya, ya durƙusa ya leƙa, ya tashi yana kaɗe gwiwa.

Ya ce, "Taɓo ne ko'ina, ga mai a jikin giyabos. Na sha gaya wa Baba giyar nan ta tsufa."

Muka lallaɓa da gudun keke har Kirikasamma.

Kirikasamma, ƙarfe bakwai da minti arba'in

Garejin Malam Idi bakanike rumfar kwano ce a gindin darbejiya, kusa da masu ƙyafe kifi. Mutum ne mai fara'a, hularsa ta sha baƙin mai har ta daina nuna launi. Ya zagaya da motar sau ɗaya, ya shafo man da ke jikin giyabos ya shinshina.

Ya ce, "Giya ce. Haƙori ya karye a ciki. Sai an sauke ta."

Yaya ya ce, "Awa nawa?"

"Awa? Ka ce kwana nawa. Yau a sauke, gobe a nemo kaya a Haɗeja, jibi a mayar, in Allah ya yarda."

Jibi kuwa Iya tana bayan ruwa. Na gaishe da Malam Idi da kyau, na ce, "Malam, kafin ku kwance noti ko ɗaya, ku ara mini minti ashirin. In giya ce, ni zan miƙo muku sifana."

Ya dubi Yaya yana murmushi. "Ƙanwarka bakaniya ce?"

"Adabi ta karanta. Waƙoƙi take rubutawa."

"To, bari mu ji waƙar."

Na ce Yaya ya sa giya a firi ya taka totur, motar na tsaye. Injin ya yi ruri mai tsabta, babu bugu. Ba inji ba ne, kowa ya yarda da wannan. Muka shiga mu uku, Malam Idi a gaba, ni a baya, muka hau titi. Da bugun ya taso na ce Yaya ya riƙe gudu ɗaya, ya sauya daga giya ta uku zuwa ta huɗu. Muryar injin ta sauka, bugun bai sauya ba. Na ce ya taka kuloci ya bar ta ta gangara. Bugun ya ci gaba abinsa, yana raguwa ne kawai yadda gudu ke raguwa.

Na ce, "Malam, ku ɗora hannu a kan sandar giya. Tana rawa?"

Ya ɗora. "Kaɗan ƙwarai."

"Ni kuma nan tafin ƙafata har kaɗawa yake. Abin yana bayanku, yana ƙarƙashina."

Ya ce, "To taya ce ta kumbura, ko boris ɗin da take juyawa a kai."

Wannan ma akwai hanyar sani. Muka koma gareji, na ɗauki gawayi na ja layi a tayar baya. Yaya ya ja motar a hankali, ni ina tafe a gefenta ina kallon layin ina ƙirga bugun. Wanda ya saba auna karin waƙa ba ya ɓata a irin wannan ƙirge. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, layi ya dawo ƙasa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya sake dawowa. Da taya ce ko abin da ke juyawa tare da ita, bugu ɗaya za a ji a kowane juyi. Abin da ke juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta yi ɗaya shi ne farfela, doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafafun baya.

Na ce, "Farfelar baya ce, Malam, wajen ƙarshenta."

Ya jawo buhu ya kwanta ya shige. Na ɗaure mayafina a ƙugu na durƙusa ina haska masa da waya. A inda farfela ke shiga tulun aksil ɗin baya akwai wani dunƙulen taɓo da ƙaiƙayi, girman kan mutum. Ya soka sukundireba a ciki, ya ja, sai ga zare kore ya biyo.

Daga ƙarƙashin mota muka ji dariyarsa. "Bukar, motarku ta yi su."

Ragar kamun kifi ce. Masu shinkafa da tsofaffin raga suke ɗaure dammuna in za su loda a kwalekwale, wani ya bar tasa a ƙarƙashin tari. Farfela ta kamo bakinta ta naɗe ta tsaf, zafi ya narkar da wani sashe, shi ne warin da muka ji. Bugun kuwa dalmar bakin raga ce, wadda ke nutsar da ita a ruwa, take dukan cikin motar a kowane juyi. Man jikin giyabos tsohon gumi ne, ya fi shekara goma a wurin.

Malam Idi ya shafe minti arba'in yana yanka da wuƙa. Da ya gama ya kama farfelar ya girgiza da ƙarfi, gaɓarta ba ta yi wasa ba. Amma zaren ya yanke robar da ke tare man aksil, wadda suke kira sil, mai yana ɗiga. Babu irinta a garin.

Ya ce, "Zan iya cire farfelar baya ku tafi da ƙafafun gaba."

Na ce, "A kwalta za ta yi. A taɓon Tudun Gabaruwa sai da huɗun."

"Haka ne, Malama."

Ya cika aksil ɗin da man giya, ya ba mu galan guda da sifana, ya nuna wa Yaya notin da ake zubawa. Ya ce duk kilomita goma mu tsaya mu taɓa tulun. In hannu zai iya zama a kai, mu ci gaba. In ya ƙi, mu ƙara mai mu jira.

Hanyar Tudun Gabaruwa, ƙarfe tara da rabi

Daga kwalta zuwa ƙauyen kilomita goma sha ɗaya ne na jar ƙasa tsakanin ciyawar kacalla, wadda ta fi motar tsawo. Yaya ya sa ƙaramar giya, ƙafafu huɗu suka kama. Na kasa kunne, babu abin da na ji sai gurnanin da na sani tun ƙuruciya. A wurare uku ruwa ya hau hanya. Na ƙarshen, wato mashigin ƙauyen, ya kai rabin taya, faɗinsa kamar filin ƙwallo, agwagin kirinjijiya suna iyo a inda ya kamata a ga sawun amalanke. Yaya ya dube ni.

Na ce, "Giya ta biyu, kada ka ɗaga ƙafa. Za ta wuce."

Ta wuce.

Tudun Gabaruwa, ƙarfe goma da rabi

Iya na kwance a tabarma a rumfar ɗakinta, ta rame, amma bakin nan yana nan. Da ta ga Yaya ta ce, "Lale da mai gidan. Sai da ka ji na kusa mutuwa ka tuna kana da mata a ƙauye?"

Ya ce, "Taya na tsaya saya miki, tunda ƙafar ta ƙi."

Matan gidan suka kawo burabusko da miyar kuka da busasshen kifi. A tsaye muka ci, don maƙwabta sun ce ruwan mashigi yana ƙaruwa tun safe. Maza huɗu suka ɗauki Iya a cikin bargo suka kwantar a katifa. Ta cije leɓe, ba ta yi ƙara ba. Na taɓa tulun aksil, ɗumi kawai. Yaya ya ƙara mai duk da haka.

Komawa, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata

Ruwan mashigi ya kusa rufe taya. Na zauna a baya na rungume kan Iya a cinyata, ina jin ruwa yana shafar cikin motar a ƙarƙashinmu. A tsakiya ƙafar gaba ta zame, motar ta karkata, ta baya ta tura, muka fita. Iya ta buɗe ido ta ce, "Wannan tuƙi ne ko daka?"

Sau huɗu muka tsaya taɓa aksil. A tsayawa ta uku ya ƙi hannu, muka zuba mai muka jira minti ashirin a inuwar giginya, ina yi wa Iya fifita. A wajen masu shinkafa na sauka da dalmar da Malam Idi ya tara mini a leda. Dattijo mai gajeren wando ya karɓa ya jujjuya, ya kama baki.

Ya ce, "Tun safe nake zargin ƙanena da ɗauke ragar nan. Ku yafe ni, 'yata."

Na ce, "Mu ne muka tafi da kayanku, Baba. Ku dai riƙa duba ƙarƙashin tari."

Ya nuna sabon tari a gabanmu, yana ɗan jin nauyi. Yaya ya sauka da kansa ya ɗaga kowane dami ya duba, sannan ya taka masa.

Haɗeja, ƙarfe biyu da minti goma

Kai tsaye muka wuce asibiti. Hoto ya nuna tsagewa ce a ƙashin ƙugu, likita ya ce da ta yi wata guda a kwance a ƙauye, da wuya ta sake takawa. Aka ba ta gado. Bayan la'asar muka shiga gida da sauran mai kaɗan a galan. Washegari da hantsi aka bugo daga Tudun Gabaruwa, hanya ta rufe, har kwalekwale ya fara ɗaukar mutane a mashigin.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Idi, wanda ya ajiye sifanarsa ya saurari 'yar da bai taɓa gani ba, da mazan huɗu da suka ɗauki Iya kamar ƙwai, da matan da suka ciyar da mu. An sauya sil ranar Alhamis. Iya kuwa, yau mako shida, ta taka daga gado zuwa ƙofa da sanda, ta tsaya tana haki, ta tambaya ko ruwa ya janye, don ta bar kaji a hannun mutanen da ba ta yarda da su ba.