Gaisuwar Tsaye

Gwiwar hagu ce ta fara. Wata safiya na fita gudu, na kai Hanwa na juyo zan koma Samaru, sai na ji kamar an soka mini allura ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Na ce sanyi ne. Na ƙarasa gida da ɗingishi, na yi wanka na tafi makarantar da nake koyarwa. Kafin yamma ƙafar ta kumbura suntum.

Lokacin na riga na ba da sunana a gasar gudun famfalaki da za a yi a Legas. Mace mai shekara arba'in da 'yan kai, ga yara, ga aji, oho, ni ma ban san abin da ya hau kaina ba. Amma ina son abin, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa.

Likitar ƙashi ta matsa nan, ta lanƙwasa can, ta ce gasar za ta yiwu in na rage gudu, na riƙa ɗora ƙanƙara, na kuma daina tsuguno da durƙuso sam. Na ce to. Ban ga matsalar ba sai ranar Lahadi.

Duk Lahadi in an tashi daga coci nakan hau keke napep zuwa Sabon Gari in gaida Baba. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana zama a kujerarsa gindin mangwaro a tsakar gida, 'yan haya suna ta kai da kawowa. A gidanmu ba a gaida babba a tsaye. Tun ina yarinya gwiwa biyu nake kaiwa ƙasa, ba na tashi sai ya ce in tashi.

Ran nan na ɗan rusuna kawai na ce, Baba ina wuni. Ƙafafuna ya kalla, bai kalli fuskata ba. Wata 'yar haya da ke wanki ta saki zanin da ke hannunta ta zuba mana ido. Na yi masa bayani. Ya tambaya ko likitar ta hana gudun, na ce a'a, ragewa ta ce in yi. Ya gyaɗa kai.

"Wato gwiwar ta san hanyar Hanwa, hanyar ƙasa ce ta ɓace mata."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ma da baki, amma na haɗiye. Lahadin da ta biyo na durƙusa da gayya, in nuna masa. Sauka ta yiwu, tashi ya gagara. Sai da na dafa hannun kujerarsa na miƙe ina cije leɓe, yana kallo. Gwiwar ta sake kumbura, na yi makonni ban taka titi ba, kullum ƙafa a kan bokiti da ƙanƙarar da nake saya wajen mai zoɓo. Na gaji da ƙanƙara, na gaji da warin man zafi a zanin gado, na gaji da masu ce mini wa ya aike ni.

Dole na zaɓa, ko durƙuson ko gasar. Gasar na zaɓa. Lahadin da na koma, na shiga gidan na tsaya gaban Baba ƙiƙam. Kafin in buɗe baki ya jawo sandarsa, ya dafa, ya yunƙura a hankali har ya miƙe.

"Tunda ke ba za ki sauko ba, ni bari in taso," ya ce. "Ba na so a gan ki tsaye a kaina."

Haka muka gaisa, ni tsaye shi tsaye. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na roƙe shi ya bari in jawo benci in zauna, ya ce zama sai bayan gaisuwa.

Na je Legas. Na gama gudun cikin na baya-baya, rabin ƙarshen ma tafiya ce da jan ƙafa. Lambar da suka rataya mini tana cikin durowa tare da tsofaffin makullai. Na dawo da niyyar in huta wata ɗaya in koma durƙusona, amma gwiwar ba ta koma daidai ba. Likitar ta duba hoton ƙashin, ta ce gudu kaɗan-kaɗan ba laifi, durƙuso kam an yi sallama da shi.

Baba bai daina tashi ba. Da ya ji sallamata zai fara laluben sanda, ni kuma in tsaya da gaisuwar a bakina ina jira, don ba ya amsawa sai ya miƙe. Da can yunƙuri ɗaya ne. Lahadin da ta wuce ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya koma. Na miƙa masa hannu, ya ture shi da bayan nasa.

"Tsaya inda kike," ya ce, yana haki. "Ina zuwa."