Daɓen da Ya Kayar da Malam

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba: ranar da muka rangaɗa guɗa a lambun Baturen kuza a Riruwai, Malam maigidana yana tsaye yana kallon ƙasa. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in na zo kan maganarsa sai murya ta ƙi, don haka jikata da take rubutawa sai ta yi haƙuri da ni. Ku kuma da kuke koyon daɓe a hannuna, ku saurara.

Masu boko sun ce shekarun hamsin ne, kafin mulkin kai. Malam ya daɗe yana haƙar kuza cikin ruwa har ƙirjinsa ya lalace, sai aka mai da shi helman lambu. Helma shi ne shugaban leburori, shi yake karɓar umarni daga Bature ya raba aiki. Aikin inuwa ne, babu shiga rami. Ni kuwa daɓe nake yi wa mutane tun ina gidanmu a Kiru, shi ya sa yake ce mini Ta Kiru.

Wata rana da rani ya dawo ya zauna, bai ko taɓa tuwo ba.

"Ta Kiru, na ɗauko miki aiki. Mai Lofe yana son hanya a lambu, ta zagaya itatuwan mangwaro ta dawo. An hana shi siminti, wai na madatsar ruwa ne. Na ce masa daɓenki ya fi siminti."

Mai Lofe shi ne sunan da leburori suka sa wa Baturen, don lofen shan taba ba ya barin bakinsa.

Na ce, "Wa ya aike ka?"

"Bakina ne. Ya ce in bai yi ba in koma rami."

"Me za a yi a kan hanyar?"

Ya sosa ƙeya. "Madam ce za ta riƙa gudu a kai."

"Wa yake bin ta?"

"Ke dai ki yi mai kyau."

Na san tarin da yake yi in ya kwanta. In ya koma rami ba zai ga damina biyu ba. Saboda haka na tara matan da na yarda da hannunsu, na sa Inna Delu a gaba, tsohuwa ce daga Doguwa mai baki kamar reza.

Bature ya kafa turaku ya ja igiya, hanya tana lanƙwasa kamar maciji. Leburori suka kawo jar ƙasa, muka shimfiɗa, muka yayyafa ruwa, muka durƙusa a jere kowa da madaɓinta. Daɓe ba a yinsa a rana ɗaya. A buga, a bar shi ya sha iska, a zuba ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai sa ƙasa ta yi ƙarfi, a sake bugawa. Daga ƙarshe a watsa ƙananan tsakuwa a buga su su nutse, don ƙafa ta sami abin kamawa. Nan ake gane gwana. Daɓen kirki shi ne wanda tsohuwa za ta taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta zame ba.

Inna Delu ta ce, "Tunda gudu za ta yi, ku ƙara tsakuwa duk inda hanya ta lanƙwasa. In matar Bature ta faɗi, gidan yari za mu kwana." Muka ƙara, ba mu yi rowa ba.

Ranar gwaji Madam ta fito, ramammiya, ga alama ba ta cin abinci. Ta zauna ta ɗaura wasu takalma masu ƙananan tayoyin ƙarfe a ƙasa. Ta miƙe, ta tura ƙafa ɗaya. Tayoyin suka yi ƙara suka tsaya. Ta tura ɗayar. Nan ma cak. Ta yi ƙoƙari iyakar ƙarfinta, ko motsi. Muka ga aikinmu ya riƙe mutum har da taya a ƙafarsa. Inna Delu ta rangaɗa guɗa, muka amsa mata.

Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa. Madam ta fashe da kuka.

Garba kuku, mai yi musu tafinta, shi ya yi mana bayani. A ƙasarsu in sanyi ya yi, tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara, manya da yara su hau suna zamewa don jin daɗi. Abin da take kewa ke nan. Santsi ake so.

Na juya wajen Malam. "Ka sani?"

"Garba ya faɗa mini."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Babbar mace da aurenta, tana neman zamewa da gangan? Da na faɗa miki, da kin ce na fara bin mashaya."

Gaskiyarsa, da na ce.

Na durƙusa na roƙi Bature ta bakin Garba ya ba mu dama ta biyu. Ya yarda, amma ya nuna Malam da lofe, ya nuna wajen rami. Muka kankare aikinmu da hannunmu. Muka tankaɗe ƙasa da rariya kamar garin tuwo, muka buga ba ƙwayar tsakuwa ko ɗaya, muka bi da dutsen rafi muna gogewa yadda ake goge tulu. Inna Delu tana yi tana cewa, "Na tsufa ina gyara wa mutane ɗaki, yau an sa ni ɗana tarko."

Da aka gama, Bature ya ce helma ne zai fara hawa. Aka ɗaura wa Malam takalman. Ya yi bisimilla, Garba ya ɗan tura shi. Ya tafi, riga tana kaɗawa, yana salati da ƙarfi. Hanya ta yi kwana, shi bai yi ba. Ya rungumi mangwaro, sannan ya zauna. Madam ta yi dariya har ta riƙe ciki. Mai Lofe ya miƙa masa hannu zai tashe shi. Daga ƙasa Malam ya dube ni ya ce, "Ta Kiru, ya yi."

Bai sake shiga rami ba. Madam ta yi rani ɗaya tana zagaye mangwaro, damina ta zo ta cinye hanyar. Ni kuma na daɗe ba a kirana daɓe a gari, wai kada in karya musu tsofaffi.

Abin da na koya shi ne, kafin ki durƙusa ki tambayi ƙafar da za ta taka, da abin da take nema. In mai aiki ya sosa ƙeya, ki sake tambaya, ko da mijinki ne.

Daɓen ɗakinsa ni na yi, na zuba tsakuwa yadda nake so. Ya tsufa a kai, da sanda da ciwon gwiwa, bai zame ba ko sau ɗaya. Kullum da safe ina share shi. Yana nan garau, babu mai takawa.