Farar Fitilar Uda Basrizal

Sau uku na canza wa Uda Basrizal ƙwan fitilar motarsa cikin shekara guda, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. Shi ne mijin yayata Yusnidar, shi ya sa nake ce masa Uda, yadda muke kiran babban wa. Ni gyaran wutar mota nake yi a bakin kasuwar Alahan Panjang. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi yana sauko da jar albasa daga gonakin kan dutse zuwa Padang a tsohuwar a-kori-kurarsa, bai taɓa ko goge wa wani fenti ba. Da wannan yake taƙama. Ba ya kunna waƙa a mota, ba ya amsa waya, in ya sha shayinsa mai ƙwai da safe ba ya ƙara sa komai a baki sai ya sauke kaya. Manoma sun gwammace su jira shi kwana biyu da su ba wani direba.

Karon farko ya ce, “Naldi, fitilun nan sun zama kyandir.” Na sa masa sababbi irin na asali, masu ruwan ɗorawa. Bayan wata uku ya dawo yana cewa jabu na ɗaura masa, na sa masa waɗanda suka ɗan fi ƙarfi. Karo na uku da kwalinsa ya zo a hannu. Farare ne irin na zamani, masu ’yar fanka a gindi.

Na ce, “Uda, ba don waɗannan aka yi gidan fitilarka ba. Hasken zai watse ya shiga idon mai tahowa.”

Ya ce, “Kai ɗaura kawai, sarkin wa’azi. Yayarka ma ba ta kai ka surutu ba.”

Na yi dariya na ɗaura. Da na kunna, bangon shagona ya yi fari tas, har sai da na kawar da kai. Shi kuwa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “To, ba laifi.”

Wata Talata bayan la’asar na shiga motarsa, zan je Padang sayen kayan aiki. Muna isa gangaren Sitinjau Lauik ruwa ya tsuge, ya ɗauke, sai gajimare ya sauko ya kwanta a kan kwalta. Uda ya kunna fitila. Farin hasken ya bugi hazon ya dawo mana, kamar an rataya farin zane a gaban gilashi.

Na ce, “Rage wutar, Uda.”

“A rage take.”

Ya matso gaba har haɓarsa ta kusa taɓa sitiyari. Leɓunansa na motsi, na ɗauka addu’a yake yi. Can ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, “Akwai mota a gabanmu?”

Akwai. Babbar mota ce, bai fi taku goma tsakaninmu ba, jajayen fitilunta biyu a kunne, ina ganinsu sarai.

Na ce, “Uda, ba ka ganinta?”

Sai da muka sha wata kwanar ya ce, “Ƙirga kwanoni nake yi. Saura huɗu mu kai filin masallaci.”

Babu wurin tsayawa. Gefe guda dutse, ɗaya gefen kwazazzabo, a bayanmu kuma motar siminti ce ta danno, ina jin ƙaurin birkinta har cikin mota. Na dafa gaban motar na fara gaya masa hanya. “Hagu kaɗan. Ya isa. Riƙe haka. Taka birki, ta tsaya. Saki.” Yana bi ba musu, shi da ko alfarma ba ya yarda a gyara masa tuƙi. Zufa na ɗiga daga gemunsa duk da sanyin da ake yi.

Mun wuce kwanar farko da ta biyu lafiya. A ta uku wani babur ya ɓullo yana hawowa. Mace ce a kai. Na ga lokacin da haskenmu ya dalle mata fuska, na ga ta ɗaga hannu ɗaya ta kare ido. Tayar gaba ta hau tsakuwa, babur ɗin ya zame ya yo kanmu a kwance.

Na kwatsa ihu, “Birki!”

Ya taka har buhunan albasa suka daki bayan kujerunmu. Motar simintin ta saki hon mai tsawo, ta yi ta gurnani, ta tsaya. Daga baya na duba, tafin hannuna ne kawai ya shiga tsakaninta da mu.

Akwai mazan da ke tsayawa a wannan kwanar suna ba manyan motoci hannu. Kafin mu buɗe ƙofa sun kewaye mu. Wani mai jar rigar ruwa ya ɗauki dutse ya rotsa fitilar dama.

“Kullum ku ne! Ku sa wutar walda a gaban mota ku makantar da mutane! Fito!”

Wani ya cakumi wuyan rigata. Na ce ni na ɗaura, ni za su tambaya, amma ba wanda ya saurare ni. Uda ya fito a hankali, yana dafa jikin motar. Matar tana zaune a bakin hanya, ta riƙe wuyan hannunta na dama, kayan malaman makaranta ne a jikinta, duk sun ɓaci da laka. Wata mai gasa masara ta durƙusa kusa da ita tana goge mata fuska.

Uda ya tako har gabansu ya sunkuya, ya haɗa hannuwa. Ya ce, “Ki yafe min, Ibu. Laifina ne. Ina kika ji ciwo?”

Mai masarar yake wa magana, ya ɗauka ita ce ta faɗi.

Wanda ya riƙe ni ya sake ni. Mai jar rigar ya dubi dutsen da ke hannunsa, ya dube ni.

Malamar ta ce, “Ina nan, Pak. Nan gefenka.” Ya juyo. Ta ƙura masa ido, haƙoranta na haɗuwa don zafi, ta ce, “Tun yaushe ba ka gani sosai?”

“Shekara biyu.”

“Kuma kake bin hanyar nan?”

Ya ce, “Na santa.”

Ta ce, “Ni ba ka san zan taho ba.”

Ni na ƙarasa tuƙin da fitila ɗaya, ita a tsakiyarmu, babur ɗinta a kan albasa. Sunanta Ibu Rosmaini, firamare take koyarwa. Ibu muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pak. Har muka kai asibiti, in mun zo rami sai Uda ya ce, “A hankali, akwai rami nan,” kafin ni ma in gan shi.

Hannun ya karye wuri biyu. Dangi suka zauna da dangi, maganar ba ta je gaban hukuma ba. Da na gaya wa yayata abin da ya faru, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta daɗe tana ganinsa yana zuba shayi a gefen kofi, in ta yi magana ya ce kofin ne ya goce. Sannan ta juyo kaina. “Kai da kake ta ƙara masa wuta, ba ka da ido ne kai ma?” Mako uku ba ta gaishe ni ba.

Likita ya duba Uda, ya ce yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu. Aka yi aiki, na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi. Ba wanda ya ce masa ya daina tuƙi, shi da kansa ya miƙa wa wani maƙwabcinsa makulli. Yanzu a rumfar tara albasa yake wuni, yana ware mai kyau da ruɓaɓɓiya, yana yi wa direbobi faɗa in sun ɗaure kaya ba daidai ba. Ya rame, ya kuma koyi jin rediyo.

Ni kuma in dattijo ya zo yana neman farin ƙwai, sai in nuna masa lambar motar da ke tsallaken titi in ce ya karanta min. Wasu su karanta, wasu su zage ni su tafi wani shagon.

Hannun Ibu Rosmaini bai koma daidai ba, da hagu take rubutu a allo yanzu. Da aka cire albasar farko bayan abin, Uda ya aika mata da buhu guda, ta karɓa. Da ya aika na biyu ta mayar da shi, ta ce a gaya masa ya isa haka.