Ticha Mutaru da Goron Gwaggo Adizatu

A unguwar Akwatialine aka haifi Mutaru, kuma a gaban allo ya girma. Abin da ya sani ke nan: yaro ya durƙusa gaban malam shi kaɗai, a biya masa, ya tashi, na baya ya matso. Da aka ɗauke shi koyarwa a makarantar boko a 1953, sai ya kwashi wannan hanya ya shiga da ita aji mai yara saba'in da ɗaya.

To, ai ka san sauran. Kafin a kaɗa ƙararrawa ashirin na gaban layi kawai yake gani, sauran suna baya suna dambe da kama fara. Muryarsa ta dishe, wuyansa ya zama kamar na zakara. Hedimasta ya ce in 'yan baya ba su iya karatu ba kafin hutu, a nemi wani. Abin ya yi wa Mutaru ciwo, don yana son aikin nan har ransa.

Amma Allah ya yi shi da tambaya kamar baƙon gari. Wata Asabar ya raka gwaggonsa Adizatu rumfarta ta goro a kasuwar Kejetia, ya zauna yana kallo. Kwando goma aka zazzage, ita kuwa ko ɗaya ba ta taɓa ba. Mata sun zauna biyar-biyar suna zaɓe.

"Gwaggo, yaya kike sanin ba a bar mai sankara ba?"

"Kai Ticha, boko ya cinye maka kai paa! Kowace tabarma na sa mace ɗaya mai ido, sauran su koya a hannunta. Ni hannu nake dubawa, ba goro ba."

Ran Litinin ya ja bencuna ya yi da'ira goma sha huɗu, kowace da yaron da ya gane. Makon farko aji ya zama kasuwa, har ya yi da-na-sani. A mako na uku hayaniyar ta koma karatu, shi kuma yana zagayawa yana leƙen alluna.

Hedimasta ya zo ana saura kwana biyu hutu. Ya wuce can ƙurya, ya nuna wata yarinya siririya. Ta miƙe ta karanta layi huɗu, ba gargada.

"Madalla. Yaya sunanta?"

Ashe Mutaru bai san sunanta ba. Wata bakwai tana ajinsa, layi bai taɓa kawowa kanta ba.

"Sala, Ticha," in ji ta. "Kullum ina layi."

Aiki dai ya tsira, amma kunya ta hana shi cin tuwo ran nan. Shekara talatin ya ƙara yana koyarwa, kuma kowace safiya daga bencin baya yake fara kiran suna.