Faifan Bala da Aka Raba a Gado

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ina da shagon gyaran kwamfuta a Fadikpe, nan Minna, kuma ina da amini, Bala mai ɗaukar bidiyon biki. Shi ya koya min Linux, manhajar nan ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta, kullum yana min tsiya wai kaina ya fi dacewa da gyaran rediyo. Hatsarin mota ya ɗauke shi a hanyar Beji, ya bar matarsa Hajara da tsohon ciki.

Duk aikin Bala yana cikin wata babbar kwamfuta mai faifan ajiya huɗu, da wani kati da ake kira RAID da ke haɗa su su zama ɗaya. Kowane bidiyo a yayyanke yake, an rarraba shi a kan faifan, in ɗaya ya ɓata za a tsira, in biyu suka tafi an gama. To 'yan'uwansa ba su san haka ba. Ranar rabon gado suka kwance faifan suka raba kamar ana raba awaki, har suna jin sun yi adalci.

Sai da 'yar da aka haifa, Safiya, ta fara surutu sannan Hajara ta zo shagona da kwamfutar a Keke Napep. Ta bi dangin miji ta roƙo faifan, ta samu uku, amma ɗaya an goge an zuba finafinai, na huɗun kuwa an sayar ba a san wa ya saya ba. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta taɓa jin muryar ubanta ba. Kullum shi ke bayan kyamara. Ko tari ya yi a wani bidiyo, ina so ta ji."

Na ce, "Maman Safiya, gaskiya biyu sun tafi, babu sauran fata." Ta ce in dai gwada.

Na gwada kuwa, don ba zan iya kallon idonta in ƙi ba. Na saka sabon Linux, ya nuna akwai kati amma ya ƙi magana da shi, saboda direban katin, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakaninsu, an daina saka shi a sababbin fitowa. Na nemo direban na haɗa da hannu, ya watso min kurakurai cike da allo. Na koma tsohon Linux irin wanda Bala ke amfani da shi, na canza wa katin rami, na goge ƙura, ina yi ina masifa ni kaɗai, wani lokacin in ji na ce "Bala, zo ka ga" kafin in tuna. Da ƙyar direban ya kama, katin ya faɗi abin da na riga na sani, cewa faifai biyu babu, haɗin ya mutu.

Wata Asabar bayan azahar na kira Hajara ta zo ta ɗauki kayanta. Ita kaɗai ta zo, ta bar Safiya wajen kakarta a Tudun Wada saboda zafin rana. Na kunna don in nuna mata da idonta, sai ga fitilun gaban kwamfutar duk huɗu sun kawo kore, har da na ramin da babu komai a ciki, wallahi da yatsana na taɓa, wayam yake. Bidiyo guda ya fito a allo. Na danna.

Babu fuska, bangon ɗakinsu ne kawai, amma muryar Bala ce, da 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Ya ce, "Safiya, Safiya, zo nan mana. Ina mamanki ta ɓoye ki?"

Hajara ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Babana ne ya zaɓi sunan nan, bayan an binne Bala."

Gashin jikina ya tashi, amma na ce ta yi maza ta ɗauko yarinyar, ta fita ko takalmi ɗaya ba ta saka daidai ba. Na soka filashi zan kwafe, ya nuna ya gama, na buɗe babu komai. Na ciro waya zan naɗi muryar, kafin in danna allon ya daskare, direban ya faɗi, fitilu biyu suka koma ja.

Da ta dawo da Safiya a goye, tana haki, na kunna na kashe har la'asar ta wuce. Yarinyar tana ta wasa da sukurdireba, uwar tana cewa "yi shiru ki ji", kuma babu abin ji. Ban taɓa jin zuciyata ta karye irin ranar ba, a gabansu na yi kuka.

Na nuna wa waɗanda suka fi ni sani, kowa ya ce ba zai yiwu ba, ni ma na sani. Don Allah in mai irin wannan na'ura ya rasu, kada ku kwance komai sai kun tambaya, kuma ku naɗa wa 'ya'yanku muryarku tun kuna da rai. Kwamfutar tana shagona har yau. Safiya ta shiga makaranta, in ta biyo ta nan takan leƙo ta ce, "Kawu, Babana ya yi magana yau?" Ni kuma in ce mata tukuna.