Takardar Likita a Akwatin Masallaci

Ko zan manta komai na zamana a Riyad, ba zan manta Talatar da takarda guda ta kusa sa a kore ni gida ba.

Lokacin ina tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ina zaune a Gubaira ɗaki ɗaya da wani dattijo mutumin Damagaram. An kama ni da ƙwayoyin hana gajiya. Alƙali ya tausaya mini, ya ce maimakon kurkuku in riƙa zuwa cibiyar gyaran hali, ana gwada fitsarina duk mako. In aka ga wani abu kuwa, sai tarhil, wato kora, a ɗora ni a jirgi zuwa gida.

Na bar ƙwaya, sai fargaba ta sako ni gaba. Gabana ya yi ta faɗuwa babu dalili, ko ina kan sitiyari. Wani likita a Malaz ya rubuta mini magani, na kuwa samu sauƙi. Amma ban gaya wa cibiyar ba, don kada a ce na fara taɓuwa. Wai ni mai kunya.

Ranar Talatar nan ma'aikacin cibiyar ya ce gwaji ya nuna abu. Na rantse maganin likita ne. Ya ce to in kawo takardar likitan kafin la'asar. Na buga waya asibitin, aka ce likitan yana hutu.

Na birkita ɗakinmu kaf, babu ita. Dattijon yana gefe yana kurɓar shayinsa.

"Baba, ba ka ga wata takarda mai hatimi ba?"

Ya ce ya tsince ta a bakin ƙofa, ya ga Bisimilla a samanta. "Sunan Allah a ƙasa, ɗana? Ai na kai ta akwatin masallaci, inda ake tara takardu masu sunan Allah."

Ban san dattijon yana iya gudu ba sai ranar. Ladan ya buɗe mana akwatin, muka zazzage a kan darduma: tsofaffin kalandu, yagaggun littattafai, guntayen jaridu. Masu jiran azahar, har da 'yan Sudan da 'yan Pakistan, suka durƙusa suna taya mu. Nan na faɗa wa baƙi abin da na yi wata biyu ina ɓoyewa, ba wanda ya ko ɗago kai ya kalle ni. Baba ne ya zaro ta, tana ƙamshi, ashe har turare ya shafa mata. Dariya da hawaye suka zo mini tare.

Ma'aikacin ya karanta, ya shinshina, ya yi murmushi. Ya rubuta maganin a fayil ɗina, ya ce da na faɗa tun farko, da ba a kai nan ba. Na ci gaba da shan maganina a fili har na gama wa'adina lafiya.

Abin da na koya shi ne, ciwo ba abin kunya ba ne. Maganin bai taɓa cuta ta ba, shirun da na yi ne ya kusa raba ni da abincina.